Ajiye kuɗinka, wayarka lafiyarta ƙalau

Na ga saƙonka jiya da dare, kana cewa "Oga hotunan takalma da jakunkunan da na ɗauka don a ɗora a shafin intanet sun fito da duhu, farin bango ya koma kalar toka, wasu kuma sun yi ɗorawa, ko dai sabuwar kamara zan nema?" Toh na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kuma tun a na uku na gane inda gizo ke saƙar. A cikin ɗaki ka ɗauka da kwan lantarki a kunne, ga hasken rana na shigowa ta taga, sannan ka ƙara da filasha, haske kala uku kenan a kan jaka ɗaya, ita kuma waya kala ɗaya kawai take iya daidaitawa a matsayin fari, shi ya sa gefe guda ya yi ɗorawa ɗayan ya yi shuɗi-shuɗi. Ko kamarar da ta fi kowacce tsada ka riƙe haka zata baka.

Gobe da safe ka kashe duk wani kwan lantarki, ka kashe filasha, ka ja tebur kusa da taga amma ba inda rana ke dukan kayan kai tsaye ba. In ranar ta yi ƙarfi ka rataya farin yadi mara kauri a tagar, zaka ga inuwar ta yi laushi. Hasken ya zo daga gefe, kar ka juya wa tagar baya don inuwarka zata faɗa kan kayan. Ɗaya gefen da ya yi duhu ka jingina farin kwali, shi zai mayar da hasken, kana matso da shi kana kallon fuskar waya har sai ɗinkin jakar ya fito. Ni kwalin nan ya fi min fitilu da yawa amfani wallahi, shekara da shekaru ina aiki da shi.

Bango kuma, ka samu babbar farar takarda ka manna samanta a jikin bango ka barta ta gangaro kan tebur a lanƙwashe, kar ka ninke ta, da haka layin da ke tsakanin bango da tebur zai ɓace.

Maganar farin da ya koma toka, wannan ba laifinka ba ne kaɗai, haka kamara take. Ita lissafinta duk abin da ta gani ta jawo shi zuwa tsaka-tsaki, in ta ga fari ya cika fuska sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage. Kai zaka gyara mata, ka taɓa kan kayan a fuskar wayar, alamar rana zata fito, ka ja ta sama kaɗan, in da kamara kake ɗauka kuma ka kai ma'aunin ƙara haske +1 ka duba. Amma kar ka wuce gona da iri har farin takalmi ya narke cikin bango.

Na kuma lura kana kai wayar har bakin takalmin, shi ya sa gabansa ya kumbura bayansa ya tsuke kamar ba ƙafar mutum zata shiga ba. Ka ja baya ka sa zum na 2x, mai jawo kaya kusa ninki biyu, in wayar na da gilashinsa na daban, amma zum ɗin da ake ja da yatsu biyu har ƙarshe ka rabu da shi, yanke hoton kawai yake yi yana ɓata shi. Ka ɗora wayar a kan abin tsayawa mai ƙafa uku, in babu ka tara littattafai ka jingina ta, ka sa taima na daƙiƙa 2 ko 3 don hannunka kar ya girgiza ta. Ranar da ka karɓi kamarata kuma ISO, wato ƙarfin karɓar haskenta, ya tsaya a 100 ko 200, ƙofar gilashi, inda haske ke shiga, f/8 zuwa f/11 saboda kayan su fito tar daga gaba har baya. Kuma dan Allah ka goge gilashin wayar kafin ka fara, hoto na bakwai shatin yatsanka ne ya sa shi hazo, sannan ka kakkaɓe ƙurar jakar, goge ta a kwamfuta ya fi cin lokaci nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi damuna ma baka tambaya ba. Hotunan nan jere za su zauna a shafi, mai saye zai gansu gaba ɗaya, naka kuwa wannan a tsaye wancan a kwance, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa, kamar mutum goma ne suka ɗauka. Ka sa alama a tebur inda kaya zai zauna, kar ka motsa wayar har ka gama, duka ka yanke su murabba'i 1:1. Kowane kaya ka masa gaba, gefe, baya, ciki, da ɗaya na kusa da ke nuna zif ko ɗinki. Kala kuma kar ka ƙara mata armashi wajen gyara, in jakar ruwan ƙasa ce ta fito ruwan ƙasa, in ba haka ba mai saye zai dawo da ita yana faɗa.

Wajen fitarwa ka barsu kamar fiksel 2000 a gefe, JPEG ko WebP, tsarin kala sRGB da intanet ke amfani da shi, don shafin kar ya yi nauyin buɗewa. In zaka turo min ta WhatsApp ka turo a matsayin dokumen, in ka tura a hoto matse shi yake yi. Ka fara da baƙar jakar nan mai sheƙi, ita ce zata fi baka wahala don har rigarka nake gani a jikinta, ka sa riga mai duhu gobe, ka turo min biyar kafin azahar in gani.