Amsar Gwaggo kan ƙawarki da ta daina cin abinci

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce tun da sakamako ya fito aka ce ƙawarki ta maimaita shekara, ta daina shiga aji, ba ci ba barci, ku kuma kullum "yi haƙuri" kuke ce mata har ta fara jin haushinku. Kina tambaya ko iyakar abin da al'ada ta tanada ke nan.

Ina! Mu ba a taɓa aika wa mai baƙin ciki haƙuri da baki kawai ba. Duba gidan rasuwa: kwana uku maƙwabta ne ke ɗora tukunya, a shigo da kwanon tuwo da kunu, a shimfiɗa tabarma a zauna, wani lokaci ba mai cewa uffan. Gobara ko sata ma, jaje ake zuwa da ƙafa, da ɗan abin hannu. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, idan aka yi rashi takan sa a dama talbina, wato kunun sha'ir, domin Annabi (SAW) ya ce tana rage baƙin ciki.

Kada kuma ku hana ta kuka. Annabi Yakubu da ake buga misali da haƙurinsa, sai da idanunsa suka yi fari don kewar Yusufu. Nana Asma'u, duk iliminta, da Muhammadu Bello ya rasu a 1837 waƙar ta'aziyya ta zauna ta rubuta. Su wa suka fi waɗannan tawakkali?

Yarinyar nan ba shekara kaɗai take gani ba. Tana tuna babanta da ya ci bashi ko ya sayar da hatsi ya biya kuɗin rajista, kunya ce ke cin ta. Wannan nauyin ya fi ƙarfinku, na manya ne. Ki nemi yardarta, a samu gwaggonta ko kawunta ya kai wa baban labari.

Ke naki, ki dafa ki zauna ku ci a kwano ɗaya, ki ja ta zuwa aji ko da ba ta ɗauki biro ba. Abu Zaid al-Balkhi, wani malamin Musulunci da ya rasu a 934, tun a lokacin ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke danne mutum haka kawai, ya ce na biyun yana buƙatar magani. To idan an haura mako biyu ba sauƙi, ki raka ta asibitin makaranta, ana addu'a ana ganin likita. In kuwa kin ji ta ce gara mutuwa, kada ki bar ta ita kaɗai, a ranar za ku je asibiti, ki kira ni ko tsakar dare ne.