Ɗan haya yana da bakin magana a kwamitin gidaje?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Muna zaune a rukunin gidaje mai ƙofa ɗaya, masu gida da 'yan haya. Duk wata muna biyan kuɗin maigadi, da na rijiyar burtsatse, da na kwasar shara. Amma ranar taro masu gida kaɗai ke zama, mu sai dai a aiko mana da abin da aka yanke, wai ɗan haya baƙo ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Malaman fiƙihu sun bambanta mallakar abu da mallakar amfaninsa. Mai gida shi ke da gini da ƙasa. Ɗan haya kuwa ya sayi amfanin gidan na wa'adin da ya biya, kuma ruwa da hanya da tsaron ƙofa suna cikin amfanin nan.

Saboda haka abin da ya shafi ginin kansa, kamar sayar da fili ko rushe katanga, na masu gida ne, kuma kuɗinsa a kansu yake.

Amma kuɗin wata-wata, a nan masu gidan suka kuskure. Allah ya hana cin dukiyar juna da ƙarya sai ta yarjejeniya (Nisa'i, aya ta 29), kuma a hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito, dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa. To ina daɗin ran wanda ko tambayarsa ba a yi ba? Abin da aka sharɗanta tun ranar kama haya, wannan ya lizimce ku, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ƙarin da aka yanke daga baya ba da saninku ba kuwa, ba a tilasta muku shi sai an zauna da ku ko da wakilin da kuka zaɓa. Amma wanda ke shan ruwan, kada ya fake da wannan ya ƙi biyan kasonsa.

Batun baƙunta ba hujja ba ce. Aya ta 36 a Nisa'i ta yi wasiyya da maƙwabci na kusa da na nesa, ba ta nemi takardar fili ba. Sau nawa ma mai gidan yana wani gari, ɗan hayar ne ke kwana da ƙarar ɓarawo?

Mai ƙaramin ƙarfi, kada a auna ra'ayinsa da aljihunsa. Wanda ya kasa biya a saurara masa har ya samu, kamar yadda Baƙara aya ta 280 ta yi umarni, kuma kada a karanta sunansa a bainar jama'a. Raba kuɗin gwargwadon girman gida ya fi kusa da adalci, kada a ɗora wa mai ciki da falo abin da aka ɗora wa mai bene.

Ku rubuta wa shugaban kwamiti cikin ladabi ku nemi kujerar wakili. In ya ƙi, ku kai maganar gaban liman ko mai unguwa. Wallahu a'alam.