Hershey Bears: ƙungiyar ƙaramin gari mai kofuna 13

Tambaya: Malam, na ga bidiyon 'yan kallo suna ta jefa 'yan tsana cikin filin wasan hoki na ƙanƙara a Amurka. An ce Hershey Bears ce. Babbar ƙungiya ce? Me ta taɓa ci?

Amsa: Ɗan'uwa, ba a babbar gasar NHL take ba, a ta ƙasa da ita take, wato AHL. Amma a can babu kamarta. Garin Hershey na jihar Pennsylvania gari ne na masana'antar cakulan da Milton Hershey ya kafa, shi ya sa rigar 'yan wasan ruwan cakulan ce da fari. Ƙungiyar ta fara a 1932, ta shiga gasar ƙwararru a 1938, kuma har yau ba ta taɓa barin garin ba.

Sau 13 ta ɗaga kofin Calder, wato kofin zakarun AHL, na farko a 1947. A 1988 ta ci duk wasanni 12 na zagayen neman kofin, ba a doke ta ko sau ɗaya ba. A kakar 2009 zuwa 2010 ta ci wasa 60. A 2023, a karawar ƙarshe ta neman kofin, sai da aka kai wasa na bakwai, wato na raba gardama, har ƙarin lokaci, kafin Mike Vecchione ya jefa ƙwallon da ya karya ƙungiyar Coachella Valley, a 2024 kuma ta sake doke su.

Abin da ya fi burge ni shi ne halin da ake cin kofunan nan. Tun 2005 Hershey ke rainon 'yan wasa wa Washington Capitals, ƙungiyar da ke NHL. Da yaro ya fara haskawa sai a kira shi sama, ko da tsakiyar kaka ne, koci ya koma neman mai cike gurbi. Haka John Carlson da mai tsaron gida Braden Holtby suka wuce, suka ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da Washington a 2018. Kocin ma bai tsira ba: Bruce Boudreau ya ci kofi a 2006, a 2007 Washington ta ɗauke shi.

Bidiyon da ka gani kuwa al'ada ce ta shekara-shekara a filinsu na Giant Center. Da Hershey ta ci ƙwallon farko, sai a dakatar da wasa, 'yan tsana su rufe ƙanƙarar, 'yan wasa na ninƙaya a ciki. Daga baya a raba wa ƙungiyoyin agajin yara. A Janairun 2025 an ƙirga guda 102,343.