Ramuka Sun Fito a Goshin Kifina, Mutuwa Zai Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da kifin ado da ake kira oska guda biyu a tanki mai cin lita 150, kowanne ya kai santimita 25. Tun suna ƙanana da ƙananan kifayen golfish masu rai nake ciyar da su, domin wanda ya sayar mini ya ce kifi mai farauta in bai ci mai rai ba launinsa dusashewa yake yi. Yanzu babban ya fitar da ƙananan ramuka a goshi da kewayen ido, kashinsa fari kamar zare, ya rage ci, sai kwanciya a ƙasan tanki. Mai sayarwar ya ce in zuba gishiri in fasa kafson maganin mutane a ruwan. Na yi, ba sauƙi. Ruwa kuwa sau ɗaya a wata nake canza shi gaba ɗaya, in wanke filta tas a famfo. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, in dai yana ɗan taɓa abinci har yanzu akwai sauran dama. Alamun da ka lissafa sun yi daidai da cutar ramukan kai, wadda ta fi addabar oska da danginsa. Ramukan suna fitowa ne a ƙofofin jijiyoyin da kifi ke jin motsin ruwa da su. Sau da yawa ana samun ƙwayar cutar hekzamita a hanjin irin wannan kifi, ita ce ake zargi da farin kashin nan, amma ba kasafai take kayar da kifin da ke cikin ruwa mai tsabta yana cin abinci mai kyau ba. Kai kuwa duka biyun sun kuɓuce maka.

Yau ɗin nan ka daina zuba kafso. Maganin da ba a san cutar da ake yaƙa da shi ba, ba a san adadinsa ba, abin da zai fara kashewa shi ne ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a filta, masu sarrafa amoniya, wato gubar da ke fitowa daga dattin kifi. Wankin famfo ma haka: kulorin da ke cikin ruwan famfo na hallaka su, sai tankin ya koma kamar sabo, babu su, kowane wata. Ka riƙa girgiza soson filta a cikin ruwan da ka ɗebo daga tankin. Ka auna ruwa. Amoniya da naitirayit (gubar da amoniya ke rikiɗewa ta zama) dole su tsaya a sifili, naitiret kuma (abin da naitirayit ke komawa a ƙarshe) ƙasa da miligiram 40 a lita, ga mara lafiya ma a nemi ƙasa da 20. A makonni biyun farko ka canza kashi 30 cikin 100 na ruwan duk bayan kwana biyu, da ruwan da aka kashe wa kulorin, mai ɗumi ɗaya da na tanki, tsakanin digiri 24 zuwa 28. Bayan nan kashi 40 zuwa 50 duk mako.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai, wato maganar nan ta cewa sai da kifi mai rai. Kullum ita nake ji, kuma kullum bayanta kifi mara lafiya ne. Ƙarya ce tsagwaronta. Masu yaɗa ta kashi biyu ne: mai sayarwa da ke son ka dawo duk mako ka sayi ƙananan kifi, da masu ɗora bidiyo a intanet don a ga katon kifi ya haɗiye ƙarami a yi ta tafi. Babu ɗaya daga cikinsu da zai nuna maka kifin bayan shekara biyu.

Oska a kogin Amazon ba kifi zalla yake ci ba. Yana cin ƙwari, da tsutsotsi, da ƙananan halittu masu ɓawo, da 'ya'yan itacen da suka faɗo ruwa, kifi kuwa sai wanda ya samu. To kai ka ɗauke duk wannan ka bar shi da abu ɗaya tak, abu ɗayan ma mafi muni. Golfish na ɗauke da sinadarin tiyaminez, wanda ke lalata bitamin B1 a cikin wanda ya ci shi. Kifin da aka daɗe ana ba shi zai fara rasa kuzari, ya daina ci, iyonsa ya karkace, wani har farfaɗiya. Ga kitse mai yawa da ke taruwa a hanta. Mai kifi yana ganin ciki ya cika yana murna, alhali kallon kitse yake yi wa rogo. Oska kuma ba ya iya haɗa bitamin C a jikinsa, dole daga abinci zai samu, golfish ɗin da aka bari da yunwa a bokiti ba shi da abin da zai ba shi.

Sannan ka taɓa tsayawa ka dubi inda ake ajiye waɗannan ƙananan kifin? Ɗaruruwa a ɗan ruwa kaɗan, matattu na yawo a sama, ba mai kula da su domin an san na ci ne. Duk wanda ka jefa a tankinka da kayansa yake shiga: cutar fararen ɗigo, tsutsar fata da ta wurin numfashi, tsutsar hanji, har da tarin fukan kifi, wanda ba ya jin magani cikin sauƙi, kuma yana iya kama mutum ta ɗan rauni a hannu. Mutum zai sayo sabon kifin ado ya keɓe shi mako huɗu don tsoron cuta, amma ya riƙa zuba golfish goma duk mako ba keɓewa ba komai. Ina hankali a nan? Launi da ake ta kuri da shi kuwa daga sinadaran abinci yake zuwa, kuma abincin kifi mai inganci ya fi golfish su nesa ba kusa ba. Dabbar nan kai ka tsare ta a gilashi, ba ta da inda za ta je ta nemi abin da ya fi, amana ce a wuyanka, kuma ba a wasa da lafiyarta don nishaɗin kallo na minti ɗaya.

Kada kuma ka gudu daga golfish ka faɗa wa naman shanu ko na kaza. Kitsen dabbobin tudu ba ya narkewa da kyau a jikin kifi. Ka sa ƙwayoyin abincin da aka haɗa don manyan kifaye masu farauta su zama ginshiƙi, ka riƙa ƙarawa da tana, da gyare, da yankakkiyar karfasa da ta kwana a firiza. Jatan lande jefi-jefi kawai, shi ma yana da tiyaminez. Da farko za su yi maka yaji, su tofar. Mai lafiyar ka bar shi, babban oska na iya yin mako guda bai ci ba, ba abin da zai same shi. Mara lafiyar ka lallaɓa shi da tana, motsinta na jan hankalinsa. Sau ɗaya a rana ya isa, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu, ragowar ka kwashe nan take.

Idan bayan kwana goma da gyara ruwa farin kashin bai tsaya ba, maganin da aka saba bayarwa shi ne metronidazol, kuma ya fi aiki a cikin abinci. Likitan dabbobi ne zai yanka maka adadi bayan ya duba kashin a madubin likita, ba mai shago ba.

Saura tanki. Oska na kai santimita 30 zuwa 35, yana rayuwa fiye da shekara 10. Guda ɗaya na buƙatar aƙalla lita 280, biyu kuwa 450 zuwa sama, da filta mai juya ruwan tanki aƙalla sau biyar a awa. A lita 150 duk ƙoƙarin da ka yi naitiret zai dawo cikin 'yan kwanaki. Ko ka nemi babban tanki, ko ka ba da ɗaya ga wanda ke da wuri. Ƙananan ramukan sukan cike cikin makonni, masu zurfin kan bar tabo. Ka ɗauki hoton goshin yau, ka sake ɗauka duk mako, ka turo mini tare da sakamakon awon ruwan.