Me ya haɗa injiniya da bayoloji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Aboabo ne, ina shekarar farko a sashen injiniyan na'urorin asibiti na jami'ar KNUST da ke Kumasi a Ghana. A sakandare lissafi da fiziks na riƙe, bayoloji ban taɓa ba shi muhimmanci ba. Yanzu an ɗora mana darasin ƙwayar halitta da na aikin sassan jiki, sunaye kamar yashi, kaina ya ɗaure. Wani na gaba da ni ya ce in haddace in wuce kawai, wai mu aikinmu na'ura ce, abin da ta auna kuwa shi ke nan. Ina tsoron faɗuwa, ga Baba da ƙyar yake haɗa kuɗin makaranta.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, ba za ka faɗi ba in Allah ya so, domin rabin darasin ka riga ka sani, sunan ne kawai aka sauya. Fatar ƙwayar jijiya kapasita ce, wato ma'ajiyar cajin lantarki, ƙarfin lantarkin cikinta ya gaza na wajenta da kusan milibolt 70, kuma akwai famfon da ke fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2 don kada wannan bambanci ya zube. A 1952 masana kimiyya Hodgkin da Huxley a Ingila sun zana jijiya a matsayin da'irar lantarki, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1963. Gudun jini kuma lissafin bututu ne: in faɗin hanya ya ragu da rabi, ruwan da ke wucewa ya ragu ninki 16. Poiseuille mai wannan doka ma likita ne. Duk sunan da aka ba ka, ka tambayi me ke shiga, me ke fita, me ke tsayar da shi.

Amma maganar wancan na gaba da kai ita ta sa na zauna rubutu. "Abin da na'ura ta auna shi ke nan." Kullum sai na ji ta, a aji da wajen aji, kuma tana iya kashe mutum.

Ɗauki ɗan maƙalen nan da ake sa wa majinyaci a yatsa don auna oksijin. Bai taɓa ganin oksijin ba. Haske biyu yake turawa ta cikin yatsa, ja mai tsawon zango nanomita 660 da wani da ido ba ya gani mai kusan 940, sai ya kwatanta yadda jini ya sha kowanne, ya ƙiyasta. Ƙiyasi ne. To a ce lokacin hunturu wata tsohuwa ta shigar da kurfoti ɗaki ta rufe taga, aka kawo ta da ciwon kai da jiri. Gubar hayaƙin gawayi ta kama jan sinadarin jininta, ta hana shi ɗaukar oksijin, amma a wurin maƙalen jinin da ya sha gubar kusan launi ɗaya yake da mai lafiya. Sai ya nuna 98, alhali tsohuwa tana bakin mutuwa. Waya ba ta tsinke ba, batir bai mutu ba. Wanda ya haddace ya wuce zai duba ya ce lafiya lau take.

Akwai wadda ta fi shafarmu mu baƙar fata. Wani bincike na Jami'ar Michigan a Amurka da ya fito a 2020 ya nuna maƙalen nan yana ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farare. Injiniyoyi ne suka ƙera shi, lissafinsu daidai, sai dai sun manta hasken ta cikin fata zai bi. Kai da za ka yi aiki wata rana a asibitin Komfo Anokye ko na Korle Bu, fatar wa za a maƙala wa?

Wannan imani da allo shi ne jarin 'yan damfarar da ke yawo da kwamfuta a tashoshin mota da bakin kasuwa. A ba ka ɗan ƙarfe ka riƙe minti ɗaya, sai ga hanta da ƙoda da ƙashi da maniyyi duk a allo, ja da kore, daga nan a miƙo kwalbar magani. Na taɓa zuwa wurin wani sau biyu a yini guda, da safe ƙodata ce ta lalace, da la'asar ta warke, hanta ta karɓa. Bugun zuciya da kansa, da duk ƙarfinsa, lantarkinsa da ke isowa fata bai wuce milibolt ɗaya ko biyu ba, sai an manna wayoyi 10 an tace hayaniya kafin a karanta shi sosai. Ta ina tafin hannu zai ba da labarin hanta? Abin takaici, mai ciwon suga kan ajiye maganinsa saboda allo ya nuna kore. Kuma sau da yawa mai danna kwamfutar yaro ne da ya yi boko, ya san waya, bai san jiki ba. Ranar lahira ba zai ce kwamfuta ce ta faɗa ba.

A wannan zangon ka ba fatar ƙwayar halitta da jini da numfashi ƙarfinka, su ne za ka yi ta karo da su har ka gama. Ka nemi wani ɗalibin likitanci ku yi musaya, ka koya masa lissafi ya koya maka sunaye. Ka gaida Baba, ka ce masa kuɗinsa ba za su faɗi ƙasa banza ba da yardar Allah.