Kyautar sallah ga ƙane mai son waya da uwargida mai son ado

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Garwa, arewacin Kamaru. Mun shiga goman tsakiya na azumi, kuma na ware sefa dubu 60 don yi wa mutum biyu kyautar sallah. Na farko ƙanena ne da ke karatu a jami'ar Ngaundere, yaron da ko tuwo yake ci waya na hannunsa. Ta biyu maiɗakina ce, mace mai son ado. Kayan sallarta suna wajen tela tun tuni, ƙari kawai nake so in yi mata. Ina tunanin saya masa agogon hannun nan da ke haɗuwa da waya, ita kuma turmin atamfa. Me kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya karɓi ibada, ya saka maka da alheri kan wannan niyya. Sai dai da za ka bi ta tawa, da agogon da atamfar duk ka dakata da su tukuna.

Mu fara da ƙanen naka. Kafin ka taka kasuwa, ka san wace irin waya yake riƙewa, domin ita za ta faɗa maka abin da zai amfane shi. Agogon Apple ba ya aiki sai da iPhone. Na Samsung, daga Galaxy Watch 4 zuwa sama, ba sa haɗuwa da iPhone ko kaɗan. Su kuma duka biyun sun fi ƙarfin kuɗin da ka ware. Sai kuma ƙananan agogunan nan marasa sanannen suna da ake jerawa a teburan masu kayan waya, masu kwali mai ƙyalli da dogon alkawari: awon bugun zuciya, awon hawan jini, har da awon suga. Kada a ruɗe ka da wannan na ƙarshe. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta yi gargaɗi cewa babu wani agogo ko zobe da ta amince da shi ya auna sugan jini ba tare da an huda fata ba. Ban da haka, agogon shi ma wani baki ne da ke neman caji, a garin da wayar kanta da ƙyar take samun nata.

Nan ne ainihin buƙatar ɗalibi. Mafi yawan wutar arewacinmu daga madatsar ruwa ta Lagdo take fitowa, a kan kogin Binuwai, kuma idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, wuta takan yi ƙaranci. A 'yan shekarun nan kuwa ƙaramar sallah daidai wannan lokaci take faɗowa. Don haka ni fawa banki, wato batirin ajiyar wuta da ake cajin waya da shi, zan ce ka saya masa, mai kyau, ba na ganin ido ba.

Ga yadda za ka gane mai kyau. Za ka ga an rubuta lamba a jikinsa, 10,000 ko 20,000 mAh. Wannan shi ne abin da batirin ciki ke ɗauka, ba abin da ke isa waya ba. Wajen juya wutar daga batiri zuwa waya ana asarar kusan kashi ɗaya cikin uku, wani ya tafi a zafi. Ke nan mai 20,000 abin da zai bayar bai fi 13,000 zuwa 14,000 ba. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung na yanzu batirinsu 5,000 ne, ka ga zai cika ta sau biyu da ɗan ƙari, ba sau huɗu ba kamar yadda mai shago zai rantse maka. Sannan ka ɗaga shi ka ji nauyinsa. Na gaske mai 20,000 yana kusantar rabin kilo. Idan ka ga ɗan mitsitsi, shafal a hannu, an rubuta masa 50,000, ajiye shi ka ƙara gaba. Nauyin ma ba hujja ba ne shi kaɗai, don akwai jabun da ake cusa wa yashi a ciki. Shi ya sa za ka nemi sunan da aka sani, irin su Oraimo ko Anker, a shagon da yake da ƙofa da mai shi, inda za ka iya komawa. Oraimo ɗin ma na kamfanin Transsion ne, mai yin Tecno da Infinix da itel. Ka ce a jona maka waya a gabanka, ka ga alamar caji mai sauri ta fito, ka tsaya minti biyar ka taɓa ka ji ko ya ɗau zafi.

Abu biyu ƙanana da mutane ke mantawa. Bakin caji: sababbin wayoyi galibi USB-C ne, har iPhone ma tun daga ta 15 da ta fito a 2023, amma tsofaffin iPhone bakinsu daban, haka ma wasu ƙananan wayoyi masu tsohon baki. Sai kuma kan caja. Kaya da yawa ta Mubi da Yola suke shigo mana, cajar Najeriya kuwa mai ƙafa uku ce masu faɗi, soket ɗinmu na nan ramuka biyu ne zagayayyu. Ka buɗe kwalin ka duba tun a shago. Idan ka ba shi fawa bankin, ka ja masa kunne kada ya bar shi a rana ko cikin akwatin babur. Garwa takan haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, batirin litiyam kuwa zafi ne ke tsufar da shi, wani lokaci har ya kumbura. Idan canji ya ragu, ka haɗa masa da rigar waya mai kauri da gilashin kare fuskarta, ko ka zuba masa data ta wata guda a layinsa na MTN ko Orange.

To, sai Hajiya. Atamfa kyauta ce ta mutunci, ba na musu. Amma a goman tsakiya, wane tela ne zai karɓa? Wanda ma ya karɓa, ka san ranar idi da safe za a tarar da shi yana haɗa hannun riga. Turmin zai shiga akwati ne sai bayan sallah, kai kuma so kake a ga kyautarka a jikinta ranar. Idan duk da haka zuciyarka na kan atamfa, ka duba bakin zanen, inda ake buga sunan kamfani da lambar zane, ka kuma juya bayansa: ta gaske launinta ciki da waje kusan ɗaya ne, ta kwaikwayo bayanta a koɗe yake. Ta Holan, wato Vlisco, ita kaɗai za ta iya lashe kuɗin gaba ɗaya, don haka idan aka yi maka tayinta da arha, ka san akwai magana. Araha ba ta ado. Gara ka ɗauki ta gida, ta CICAM, wadda masaƙarta ke nan Garwa, ka san abin da ka saya.

Abin da na fi so maka shi ne abin da ba ya buƙatar allura. Lafaya, misali. Yadi ne guda mai tsawon mita huɗu zuwa biyar, ana naɗa shi a kan kayan da ke jiki, babu awo babu ɗinki, yau ka saya gobe ta yafa. Matan Njamena da Kusseri sun daɗe da ita, yanzu kuma ta zama ado a wajen matanmu. Saboda zafin da ake ciki, ka zaɓi ta auduga mara nauyi, ka guji mai santsin leda da ke riƙe gumi. Ka saci kallon launin kayan da ta kai ɗinki, ka sayi wadda za ta hau da su.

Na biyu, aikin fata na Marwa. Dukawan garin sun yi suna a jaka da takalmi, kuma kasuwar masu sana'ar hannu tana tsakiyar gari, idan kana da wanda zai sayo maka ya sa a mota. A gaya masa ya shinshina jakar, don fatar da ba ta jemu sosai ba wari take yi, kuma da damina ta sauka abin ƙaruwa yake. Ya sa ɗan farin ƙyalle mai danshi ya goga a gefe: idan rini ya biyo ƙyallen, haka zai biyo farar lafaya a filin idi. Ya ja hannun jakar ya duba ɗinkin gindinsa, nan take fara tsinkewa. Takalmi kuwa kada ka dogara da lamba, aikin hannu ba ya bin lambar kanti. Ka ɗora tsohon takalminta a kan takarda ka zana, ka aika da zanen.

Turaren wuta da humra irin na Cadi su ma kyauta ce da mata ke ji da ita, amma a nan kada ka yi gaban kanka. Kowace mace da ƙamshin da ta saba, wanda ya yi wa wata daɗi wata ciwon kai yake sa ta. Ka tambayi ƙanwarta ko aminiyarta wajen wa take saye, da ɗan gari akan ci gari.

Rabon kuɗin, ni zan ba wa ƙane dubu 20 zuwa 25, sauran na uwargida, lafaya da jaka ko lafaya da turare. Ka shiga kasuwa cikin makon nan, domin da an shiga goman ƙarshe farashi hawa yake yi, kaya masu kyau kuma an tsince su. Duk abin da ka saya na lantarki ka karɓi rasit, ka kuma yi magana da mai shagon a fili cewa yaron sai ya zo hutu zai gwada, idan bai yi daidai da wayarsa ba za ka dawo da shi a canza maka bayan sallah.