Wa Ya Ba Jefferson Ikon Sayen Louisiana?

Tambaya: Malam, na ji cewa yankin Louisiana saye Amurka ta yi daga hannun Faransa. Shin kundin tsarin mulkinsu ya ba shugaban ƙasa ikon sayen ƙasa, ko gaban kansa ya yi?

Amsa: Babu inda kundin ya ambaci sayen ƙasa, kuma Thomas Jefferson, shugaban da aka yi cinikin a zamaninsa a 1803, ya fi kowa sanin haka. Shi ne fa a 1791 ya tsaya kai da fata cewa bai halatta a kafa bankin ƙasa ba, tunda kundin bai faɗa ba.

Kogin Mississippi ne ya matsa masa lamba. Ta nan manoman yamma ke gangarar da amfanin gonarsu a kwale-kwale zuwa New Orleans da ke cikin yankin Louisiana, inda ake loda shi a jiragen teku. A 1802 hukumomin Sifaniya, masu riƙe da yankin a lokacin, suka hana Amurkawa ajiye kaya a tashar, ga kuma labari ya fasu cewa Sifaniya ta mayar wa Faransa yankin a asirce tun 1800. Jefferson ya tura James Monroe ya haɗu da jakadan Amurka Robert Livingston a Paris, da izinin kashe har dala miliyan 10 kan New Orleans da Florida.

Suka tarar Napoleon, mai mulkin Faransa, na neman kai da kayansa. Mayaƙan Haiti da cutar shawara sun gama da rundunar da ya tura can, ga yaƙi da Ingila na ƙaratowa. Sai ya sallama yankin baki ɗaya, kusan murabba'in mil 828,000, kan dala miliyan 15. Jakadun suka sa hannu ba tare da jiran umarni daga gida ba.

Nan Jefferson ya shiga tsaka mai wuya. Har daftarin gyaran kundi ya rubuta. Amma ministan kuɗinsa, Albert Gallatin, yana ganin ikon ƙulla yarjejeniya ya wadatar, Livingston kuma ya aiko cewa Napoleon na iya canza shawara. Sai ya jingine daftarin, ya miƙa yarjejeniyar ga Majalisar Dattawa, ta amince a Oktoban 1803 da ƙuri'a 24 da 7. Majalisar dokokin ƙasar ce kuma ta ware kuɗin.

To, ba gaban kansa ya yi ba. Sai dai a ganina ya taka ƙa'idar da shi da bakinsa ya shimfiɗa, kuma na bayansa sun bi ƙofar da ya buɗe. Abin dariyar ma, 'yan adawar da suka saba neman a faɗaɗa ikon gwamnati su ne suka koma kukan an wuce gona da iri.

A lura kuma, yawancin ƙasar na hannun mutanen asali ne, irin su Osage da Sioux, kuma babu wanda ya tuntuɓe su. Batun shari'a kuwa sai a 1828 Kotun Ƙoli, ta bakin babban alƙalinta John Marshall, ta ce gwamnati na iya mallakar sabon yanki ta hanyar yarjejeniya ko yaƙi.